Wayar saukar Ilham: me za a sa mata a ciki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyaye. Babansu ya yi wa Ilham alƙawarin waya in ta sauke, ga shi walima ta matso. Shekarunta 13. Don Allah waɗanda suka riga mu, me kuke sa wa wayar yara don kada su faɗa inda bai kamata ba?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. A saya mata rakani-kashi, magana ta ƙare.

Anti Bilki: Haba Baban Sadik, yarinya ta sauke izu sittin a ba ta rakani-kashi?

Injiniya: Maman Ilham, in Android ce ki sauke Family Link, na Google ne kuma kyauta. Sai ki haɗa wayarki da tata. Duk abin da za ta ɗauko a Play Store sai kin amince, kina ganin awa nawa ta yi a kan kowace manhaja, kuma kina iya sa wayar ta kulle kanta da dare. In iPhone ce, akwai Screen Time a ciki, shi ma irin wannan aikin yake yi. Abu ɗaya dai: kada ki bari yaron shago ya buɗe mata imel. Shekarar haihuwar da ta zo masa a baki yake sawa, sai wayar ta ɗauke ta babbar mace. TikTok ba ya barin 'yan ƙasa da 16 su aika saƙo a ɓoye, Instagram ma tun 2024 yake rufe shafukan yara daga baƙin ido. Duk wannan da shekarun gaskiya yake aiki.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Babansu zan ba ya karanta, ni kaina ya fara juyawa.

Malam: Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, sai dai rabin abin da muke ƙwacewa a aji bai biyo ta data ba. Xender ne. Ɗaya ya je wajen masu turi a cika masa memori, kafin a tashi tara rabin aji sun samu.

Maman 'Yan Biyu: Ku yi haƙuri zan yi tsawo. 'Yar ƙanwata ce, a hannuna take, lokacin tana aji uku na ƙaramar sakandare. Ba ta ma da waya, tawa take ɗauka ta ce za ta duba aikin gida. Wata ta yi mata magana a wani shafin soshiyal midiya, wai ita ma ɗaliba ce a Kaduna, tana sayar da abaya, tana neman 'yan mata masu tsayi da za su riƙa sawa tana ɗora hotonsu. Aka fara da hoto cikin hijabi, aka koma ba mayafi, wai don a ga ɗinkin. Daga nan sai abin da ba zan rubuta a zauren da akwai maza ba. Ranar da ta ce ta daina, murya ta canja. Ashe ƙato ne. Ya ce ko ta turo kuɗi ko ya aika wa 'yan ajinsu, ya kuma lissafo mata sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don duk suna bin juna a shafin. Yarinya ta daina cin abinci, muna ta ba ta maganin maleriya. Sai da kuɗin adashina ya yi ƙafa na tsare ta, sannan ta faɗa. Na ce me ya hana ki gaya min tun farko? Ta ce ta san dukan da Kawu zai yi mata, kuma za a cire ta daga makaranta a yi mata aure. Wallahi wannan ya fi kuɗin yi min ciwo, yarinya ta fi tsoron gidanmu a kan ɗan iskan da ke can. Yanzu duk yaran gidan na gaya musu, ko me ya faru a waya, wanda ya zo ya faɗa da bakinsa ba mai taɓa shi. Kawun nasu da ƙyar ya yarda.

Anti Bilki: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya isar mata.

Hajiya: Allah ya shirya mana zuri'a. An kama shi?

Maman 'Yan Biyu: Ina fa, Hajiya. Muna daina amsawa ya yi ta barazana, daga baya ya ɓace.

Injiniya: Haka ake so, kada a biya, in an ba su sau ɗaya dawowa suke. A ɗauki hoton hirar da lambar asusun da ya turo kafin a toshe shi, a kai wa 'yan sanda. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Instagram, ya ce ya goge shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya kan irin wannan. Yawancinsu manyan maza 'yan Amurka suke farauta, amma dabarar ɗaya ce. Akwai kuma wani shafi mai suna Take It Down, na hana yaɗa irin waɗannan hotuna, don 'yan ƙasa da 18. Hoton ba ya barin wayarki, tambarinsa kawai ake aikawa, shafukan da ke cikin tsarin su cire shi in an ɗora.

Baban Sadik: Kun ga abin da nake faɗa. Ostareliya da ta fi mu ilimin abin ta yi doka, ɗan ƙasa da 16 ba shi ba soshiyal midiya. Amma matanmu kullum hoton yaro a sitatus, da yunifom, da bajon makaranta a ƙirji.

Anti Bilki: To an zo wajen. Wa ke miƙa wa yaro waya ya ce je ka can ka yi gem, don a bar shi ya kalli Arsenal?

Baban Sadik: Ni Madrid nake yi.

Hajiya: Gaskiya maganar bajon nan ya yi gaskiya, ko da Madrid yake yi.

Maman Amira: Salam, sababbin atamfofi da leshi sun iso, mai so ta yi min magana.

Shugaban zaure: Maman Amira, talla ranar Asabar ne. Kuma waɗanda ba su kawo kuɗin allo da rumfa ba, Alhamis za a rufe.

Malam: A ƙara da wannan, a saitin WhatsApp ɓangaren sirri, a zaɓi cewa sai wanda lambarsa ke wayar ne zai iya jefa ta guruf. Kuma waya ta kwana a ɗakin uwa.

Maman Ilham: To yanzu dai Tecno ko Infinix? Babansu yana kasuwar Farm Centre yana jira.

Baban Sadik: Na faɗi tawa.

Anti Bilki: Shugaba, nawa ne ma kuɗin rumfar?