Koyarwa da kwasa-kwasai ga mai digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta

A hirar da muka yi da 'yan'uwanmu masu wannan karatu a Amurka, bakinsu ya zo ɗaya: a shekaru biyun farko ake gama kwasa-kwasai, amma da bincike ake auna mutum. Yawancin jami'o'i matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0 suke nema, don haka kada ka kwana kana ƙawata aikin gida, bincikenka na kwance. Zaɓi kwas ɗin da aikin ƙarshensa zai iya zama tushen maƙala.

A hirar, an fi daɗewa kan batun aikin taimaka wa malami koyarwa. Da shi ake yafe kuɗin makaranta, a ba da alawus, kuma bizar ɗalibai ta F-1 ba ta yarda a wuce awa 20 ana aiki a mako ba lokacin zangon karatu. Duba ayyukan ɗalibai ke cinye lokaci. Shawararsu, rubuta 'yar manhajar da za ta gwada ayyukan da kanta, ka kuma nemi maimaita koyar da darasi ɗaya kowane zango.

Wani ya ce koyarwa ɓata lokaci ce. Ni dai ban yarda ba, musamman ga mai niyyar dawowa Bayero ko Ahmadu Bello ya riƙe aji.