Neman shawara: Haɗin 'ya'yan itatuwana yana yin baƙi kafin ya isa hannun masu oda

Maman Sultan, Hotoro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimaka min. Ina sayar da haɗin 'ya'yan itatuwa a roba da zoɓo, kwanan nan kuma na ƙara da garin zogale. Daga 'Yan Lemo ta Na'ibawa nake saro kaya. Tuffa da ayaba da fiya, da na yanka, kafin mai babur ya kai sun yi duhu, kai ka ce jiya na yanka su, alhali kankana da lemon zaƙi suna nan garau. Wanda nake zuba wa madara kuma, in dai akwai abarba ko gwanda a ciki, ɗaci yake yi. Maƙwabciyata ta ce in riƙa jefa 'yar kanwa a zoɓo don rage tsami, in saka? Sannan ƙanena ya matsa sai na buga a jikin takardar roba cewa kayana na da antioksidan, maganin hawan jini da ciwon daji, wai shi ke jawo ciniki yanzu.

Hajiya Ladi mai abinci: Wa alaikumus salam. 'Yata, lemon tsami. Ki matse biyu a kwano da ruwan sanyi, duk tuffar da kika yanka ta faɗa ciki nan take, kada ki tara ta a faranti. Ayaba da fiya su ne na ƙarshe, sai mai babur yana ƙofar gida.

Malam Auwal, malamin kimiyya: Abin da Hajiya ta faɗa shi ne, bari in ƙara da dalilinsa. A cikin naman tuffa da ayaba da fiya akwai wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sauye-sauye a cikin abu mai rai, mai suna folifenol oksides, akwai kuma sinadaran fenol. Muddin ɗan itacen yana a rufe, kowanne yana ɗakinsa. Wuƙa ce ke fasa ɗakunan, su gauraya, iskar oksijin ta shiga, sai enzayim ɗin ya mayar da fenol wani abu mai launin ƙasa. Ba ruɓewa ba ce, ana iya ci, ido ne dai ke ƙi. Kankana da lemo ba su da wannan enzayim da yawa, shi ya sa ba ruwansu.

Lemon tsami ta hanya biyu yake aiki. Tsaminsa yana kashe wa enzayim ɗin kaifi, don ba ya iya aiki sosai a wuri mai tsami. Bitamin C da ke cikinsa kuma yana mayar da abin da ya fara sauyawa yadda yake, kafin ya kai ga yin duhu. To wannan tare ɓarnar oksijin shi ne aikin antioksidan da ƙanenki yake ji ana faɗa. Amma fa bitamin ɗin yana ƙarewa, in ya ƙare duhun ya dawo, don haka sa'o'i yake ba ki, ba kwana ba. Irin wannan tambayar taki, me ya sa wasu 'ya'yan itatuwa ke duhu wasu ba sa yi, tana cikin abin da ya kai Albert Szent-Györgyi na ƙasar Hangari ga ware bitamin C, har ya samu kyautar Nobel a 1937. Sanyi ma yana rage wa enzayim gudu, ki sa robobin a cikin kula mai ƙanƙara, ki cika su sosai kada iska ta samu wurin zama. Wuƙa kuma mai kaifi marar tsatsa, dakusasshiya murƙushe naman take yi.

Alhaji Sani, 'Yan Lemo: Hajiya, tun daga saye ake gyara. Tuffar da ta bugu a kwali, ki danna da yatsa ki ji wurin ya loɓa, ciki ya riga ya yi duhu, ko lemon tsamin duniya ba zai dawo da shi ba. Kada araha ta ja ki. Kuma ki daina haɗa ayaba nunanniya da sauran kaya a buhu ɗaya, nunar da su take yi da wuri. Ayaba ba ta son firij, ɓawonta baƙi yake yi.

Abban Khalil: Akwai wata farar hoda da ake sa wa kayan gwangwani, ɗan kaɗan za ki barbaɗa, tuffa ta wuni fara tas.

Ummi, ɗalibar kimiyyar abinci: Yaya Abba, don Allah a'a. Salfayit kake nufi, kuma yana tayar wa masu asma da ciwonsu. A Amurka tun 1986 aka hana sa shi a ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyen da ake ci ɗanye. Anti ba ta san wa zai ci kayanta ba.

Anti, maganar ɗaci wani enzayim ne daban. Abarba na da buromelen, gwanda na da fafen, su biyun furotin suke yankawa. Shi ya sa ake naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, shi ya sa kuma harshe ke zafi in an sha abarba da yawa. In suka zauna cikin madara sai su daddatsa furotin ɗinta, gutsattsarin nan su ne masu ɗaci. Ko dai ki ba da madarar a 'yar leda daban mai saye ya zuba da kansa, ko ki ɗan tafasa abarbar, zafi yana kashe enzayim ɗin. Ni dai na fi son ta farko, dafaffiyar abarba ba ta da armashi, kuma zafi yana cin bitamin C.

Kanwa kuwa kada ki soma. Jan zoɓo daga wani sinadari ne mai suna antosayanin, shi ma antioksidan ne, kuma a cikin tsami yake zama ja. Ki ɗebi rabin kofi ki jefa ƙwayar kanwa ki gani: nan da nan zai koma shuɗi-shuɗi, ya dusashe ya yi baƙi, sinadarin kuma lalacewa yake yi a haka. In tsamin ya yi yawa ki ƙara ruwa da sukari ko dabino. Kuma ba sai kin yi ta tafasa shi ba, ki tafasa ruwan da citta da kanumfari, ki sauke, sannan ki zuba zoɓon ki rufe.

Hajiya Ladi mai abinci: Ai mu da kanwa muka taso muna dafa zogale da rama, ganye ya fito kore shar, ba mu mutu ba.

Ummi: Haka ne Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Koren takan riƙe shi, amma tana cinye bitamin C da bitamin B1 na cikin abincin. A ganye ido ba ya ganin asarar, a zoɓo kuwa tana fitowa fili.

Nas Hadiza: Ni takardar nan ce ta dame ni. Maman Sultan, kada ki rubuta magani. Gaskiya ne kayanki na da amfani. Gwaiba kaɗai, a giram 100 tana da bitamin C sama da miligiram 200, lemon zaƙi kuwa wajen 50 ne, ga ta da araha, ban san me ya sa ba kwa sa ta a haɗi ba. Amma abu ya hana tuffa duhu a kwano daban, ya warkar da ciwon daji daban. A Finlan an yi babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 1994, aka ba maza masu shan taba ƙwayar beta-karotin, wanda antioksidan ne, sai ciwon dajin huhu ya ƙaru a cikinsu maimakon ya ragu. Zoɓo kam bincike ya nuna yana ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani. Abin da muke gani a asibiti shi ne mutum ya karanta irin wannan rubutu, ya ajiye ƙwayoyinsa, a kawo shi ranga-ranga. Ban da haka, da'awar magani a jikin kaya hurumin hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ne, ba abin da mutum ke bugawa don ra'ayinsa ba. Ki rubuta abin da ke ciki da ranar da kika haɗa, ya wadatar.

Maman Sultan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, zan tura wa ƙanen nawa ya karanta da idonsa. Saura zogalen ba wanda ya taɓa. A kan rufin kwano nake shanyawa don ya bushe da wuri, garin sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, na kanti kuma kore.

Malam Auwal: Ranar ce, Hajiya, ga zafin kwano. Suna cinye koren ganyen, su tafi da karotin da bitamin C. Ki wanke, ki tsane, ki baza shi sama-sama a kan tabarma ko gidan sauro mai tsabta a ɗakin da iska ke ratsawa, kina juyawa. Da hunturu ba ya daɗewa. Sai ya yi ƙaras a hannu za ki daka, ki zuba a mazubin da haske ba ya shiga, ki rufe gam. Kada ki daka na wata uku a lokaci ɗaya, gari ya fi ganye saurin dusashewa.