Neman kalma: me za mu kira "jenda" da Hausa?

Malamar ilimin zamantakewa, Gombe:
Salamu alaikum. Ina son mu tsayar da magana ɗaya kan "jenda", wato kalmar Turanci "gender". Kowa "jinsi" yake cewa, alhali jinsi kaya sun yi masa yawa: jinsin dabba, jinsin kalma a nahawu, gurbin namiji ko mace a fom. Ann Oakley kuwa, masaniyar ilimin zamantakewa 'yar Birtaniya, a 1972 raba abu biyu ta yi: halittar jiki daban, abin da al'umma ta ɗora wa namiji da mace daban. Kalma ɗaya ba za ta riƙe duka ba.

Mai fassara, Bauchi:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ga wata matsalar: kunnuwa sun saba da "auren jinsi" a labarai. Mai bincike ya shiga kasuwar Wunti da ke Bauchi da takardar tambayoyi ya ce "daidaiton jinsi", ba wanda zai saurari tambaya ta biyu. Shawarata: "jinsin halitta" da "jinsin al'ada".

Ma'aikaciyar rediyo, Azare:
Na farkon ya yi, Malam, amma "al'ada" ta yi ƙunci. Sylvia Walby, ita ma masaniyar ilimin zamantakewa, a 1990 ta lissafa fannoni 6 da fifikon maza ke tsaye a kansu, al'ada ɗaya ce kawai, ga aikin albashi, aikin gida, hukuma, cin zarafi da sha'anin jima'i. In muka ce al'ada, doka da albashi sun zube. "Matsayin jinsi" ya fi. Dubi mai shayi a tasha: yana soya ƙwai, yana wanke kofuna, sunanta sana'a. Ya yi hakan a gida a ce aikin mata ne. Matsayin da aka ba aikin ne ya sauya.

Mai fassara, Bauchi:
Na yarda, Hajiya. "Daidaito" ma a yi hattara, mutane rabon gado suke ji. Ƙorafin addini ne ya kayar da ƙudirin Sanata Biodun Olujimi na daidaita maza da mata a Majalisar Dattawa a Maris 2016.

Malamar ilimin zamantakewa, Gombe:
To, mun tsaya. A aji da rubutu: "jinsin halitta" da "matsayin jinsi". A rediyo da takardar tambayoyi: "matsayin maza da mata". Maimakon "rashin daidaito" a ce "giɓi", a faɗi fannin: giɓin karatu, giɓin albashi, giɓin kujerun majalisa.