Kunnena ya gaji, a ba ni sabon abin saurare

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Shekara uku ke nan waƙoƙin wayata ba su canza ba. Jiya na zauna na duba, ashe kusan duka abokin ɗakina na makaranta ne ya tura min su. Ra'ayin wani nake ta yawo da shi ban sani ba. Don Allah me zan saurara?

Uwar Biyu: Wa'alaikumus salam. Auta ai ba kai kaɗai ba ne. Ni Ummu Kulsum ta Masar nake ji, kuma ba ni na zaɓe ta ba. Babanmu ke kunna ta muna yara, mu yi ta gunaguni, waƙa ɗaya sai ta kusa cin awa guda. Ta rasu tun 1975, amma yau in ina aikin gida ita ce abokiyar hirata. Gwada ta, sai dai ka yi haƙuri da doguwar shimfiɗar kiɗan kafin ta buɗe baki.

Malam Direba: Ƙanena nemi Ali Farka Touré na Mali. Wani fasinja ne ya roƙe ni in sa, na sa don kunya kawai. Kafin mu isa na ce ya tura min. Faifan da ya yi da Ry Cooder, makaɗin jita na Amurka, a 1994 har lambar yabon waƙa ta Grammy ya ci. In ya shige ka, wuce wajen Toumani Diabaté, mai kaɗa kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya 21.

Tsohon Ɗalibi: Abin da Hajiya Uwar Biyu ta faɗa masana sun gwada shi. A 1968 Robert Zajonc, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya riƙa nuna wa mutane baƙin kalmomi da hotunan fuskoki, wasu sau da yawa, wasu kaɗan. Waɗanda aka fi maimaitawa su mutane suka fi so. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe.

Gimbiya: Yaya ban yarda duka ba. Maƙwabcinmu ya shekara yana kunna waƙa ɗaya kullum da safe, yanzu ko a biki na ji ta sai raina ya ɓaci. Wanda ya kawo maka waƙar ma yana da tasiri. Ita Hajiya babanta ne fa ke kunna mata, ba maƙwabci ba.

Tsohon Ɗalibi: Kin kama ni.

Gimbiya: Auta, YouTube da Spotify irin abin da ka saba ji suke ƙara turo maka. Ari wayar wanda ya girme ka da shekara 20 ka kwafi goma.

Auta: Na gode ƙwarai. Na sa ta Hajiya yanzu, minti shida ana ta goge, har yanzu ba ta ce komai ba.

Uwar Biyu: Jira dai, yaro.