Magen Hajiyarmu ta daina cin abinci, likita ya kawo maganar allura

'Yar Gwale ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuto, don na san akwai masu cewa mutane ma suna fama balle mage. Amma abin ya hana ni barci.

Sunanta Toka. Hajiyarmu ce ta tsince ta a bayan buhunan gawayi a zaure, ko ido ba ta gama buɗewa ba, shekara 14 ke nan. Da Hajiya ta rasu aka raba kayan ɗaki, babu wanda ya ambaci magen, sai na sako ta a kwando na taho da ita gidana. Har yau a kan tsohuwar dardumar Hajiya take kwana.

Tun kafin azumi na lura tana yawan shan ruwa, har a bokitin wanki nake samun ta. Na ɗauka zafin Kano ne kawai. Sai yawan fitsari, sai rama. Da na shafa bayanta na ji ƙashin tsara-tsara a hannuna, na kai ta asibitin dabbobi. Aka ɗebi jini, likita ya ce ƙoda ce, kiriyatinin ɗinta, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kai 6.2, ciwon yana mataki na huɗu, wato na ƙarshe. Da can kilo 4 take, yanzu 2.4.

An yi mata ƙarin ruwa kwana biyu, ta farfaɗo har ta koma hawa katanga, na yi ta murna. Mako biyu abin ya yi. Yau kwana uku ke nan ba ta ci komai ba sai lasar romo. Tana amai, bakinta na wari kamar fitsari, akwai gyambo a gefen harshenta. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne yadda take zuwa bakin kwanon ruwa ta tsaya, ta sunkuyar da kai a kansa, amma ba ta sha.

Likitan ya ce hanya biyu ce: ko in ci gaba da jinya a gida har iya abin da Allah ya ƙaddara, ko a yi mata allurar da za ta tafi cikin barci. Maigidana ya ce a kai ta can wajen mahauta a ajiye, Allah ya san yadda zai yi da ita. Yayata kuwa ta ce kada in kuskura in ɗauki alhakin rai. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa mata rabin Panadol ko za ta samu sauƙi, ban dai ba ta ba tukuna.

Don Allah masu sani, allurar nan ta halatta? Kuma ta yaya zan gane cewa jinyar da nake yi don ita nake yi, ba don ni da nake jin kamar Hajiya zan sake rasawa ba?

Likitan dabbobi daga Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Kafin komai, Malama, kada ki ba ta Panadol, ko ɓallinsa. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, wato maganin da ke cikin Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, kuma mutuwa ce mai wahala: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Haka ma sauran magungunan ciwon jiki na mutane. Romon ma ki tabbata babu albasa, tafarnuwa ko gishiri a ciki.

Gaskiyar da ya kamata ki sani ita ce ƙodar da ta lalace da tsufa ba ta dawowa. Kafin ma gwajin kiriyatinin ya nuna matsala, kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta ya riga ya tafi, don haka ki daina zargin kanki da cewa kin makara. Mage mai shekara 14 kamar mutum ne ɗan 72. Tsayuwar da take yi a kan ruwa, ƙishi ne da tashin zuciya suka haɗu mata, ga gyambon baki. Dattin da ƙoda ta kasa tacewa ne ya taru a jini, shi ne warin da kike ji.

Akwai abin da ya rage a gwada, in ba a gwada ba. Ki tambayi likitanki maganin hana amai, irin su maropitant, da mai buɗe ciki, mirtazapine, wanda ake bayarwa kaɗan-kaɗan ga mai ciwon ƙoda. Ki roƙe shi ya koya miki sa ruwa a ƙarƙashin fata a gida. Ana ɗaga fatar tsakanin kafaɗu ne kamar tanti, a zura allura, ruwa kamar mil 100 ya shiga, ko yadda ya ƙayyade miki. Ki ɗumama ledar a ruwan ɗumi tukuna. Wurin zai yi tsiri, zai baje cikin 'yan sa'o'i. Amma ki riƙa ƙirga numfashinta in tana barci; in ya wuce 30 a minti ɗaya ki dakata ki kira shi, don ruwan na iya yi wa zuciya yawa.

Abinci kuwa, a wannan matakin duk abin da ta yarda ta ci ya fi babu. Farin ƙwai dafaffe, tsokar kaza dafaffiya, ki ɗan ɗumama don ƙamshi ya tashi. Ki bar madara da busasshen kifi mai ƙaya, sinadarin fosfarus, wanda ƙoda mai ciwo ba ta iya tacewa sosai, ya yi yawa a cikinsu. Kada ki yi mata ɗura da ƙarfi.

Ni abin da nake gaya wa masu zuwa wurina shi ne su sa wa'adi. Ki ba magungunan nan kwana uku zuwa biyar. Ki samu kalanda, kullum da dare ki rubuta: ta ci? ta iya zuwa wurin fitsari da ƙafarta? ta neme ki ko ɓuya take? In ranakun wahala suka rinjayi na sauƙi duk da magani, kin samu amsarki daga gare ta. In ta fara farfaɗiya ko fitsari ya tsaya gaba ɗaya, ba sauran jira.

Allurar kanta biyu ce. Ta farko ta sa barci mai nauyi, ta biyu a jijiya ta tsayar da numfashi da zuciya cikin minti ɗaya ko biyu. Idonta zai zauna a buɗe, wani lokaci jiki ya ɗan motsa ko ta ja dogon numfashi bayan ta riga ta tafi. Ina faɗa miki ne don kada ki firgita ki ɗauka tana jin zafi. In kina son jin bakin wani likitan, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, sai dai tafiyar mota a zafin nan ita ma wahala ce gare ta.

Wani ɗalibin ilimi ya amsa:

'Yar uwa, Allah ya saka miki da alheri. Annabi (SAW) ya ce a kowace hanta mai ɗanyantaka akwai lada, wato duk mai rai. Dararen da kika raya a kanta ba su tafi a banza ba.

Zan fara da shawarar maigidanki, cikin girmamawa. A ganina ita ce mafi hatsari a cikin ukun. Magen da ba ta iya ci, ba ta iya gudu, a ajiye ta cikin karnuka da ranar bazara, wannan ba barin ta ga Allah ba ne. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage yana cikin Bukhari da Muslim. Laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nema da kanta ba. Taki ba ta da ƙarfin nema, don haka sakin ta da tsare ta babu abinci duk ɗaya ne.

Maganar allura kuwa malamai sun yi saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Shehu Khalil ya ambaci halaccin yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani da rayuwarta, masu sharhi kuma suka ce don a hutar da ita ne. Wasu malaman, har a cikin mazhabar, sun hana, suka ce a bar ta har ajalinta. Waɗanda suka halatta sharaɗinsu shi ne a yanke ƙauna da warkewa da gaske, ba gajiya da jinya ko ƙyashin kuɗi ba, kuma a bi hanya mafi sauƙi, saboda hadisin Shaddad ɗan Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Wannan hukuncin dabba ne kawai, ba ya shafar ɗan Adam ko kaɗan.

Ni ɗalibi ne. Ki samu malamin da kika natsu da shi ki karanta masa abin da likita ya faɗa, tare da yayarki in ta yarda, don kada abin ya zama rigima tsakaninku.

Baba mai ritaya, Katsina, ya amsa:

'Yata, ni na bi ɗaya hanyar, bari in ba ki labari. Muzuruna ya yi irin wannan ciwon shekarun baya. Aka yi mini tayin allura na ƙi, na ce ba da hannuna ba. Kwanaki goma na farko ban yi nadama ba. Yana fitowa hantsi ya kwanta kusa da tabarmata, ina sa masa ruwan nan da kaina. Amma daren ƙarshe, wajen ƙarfe biyu, ya fara shure-shure yana wani kuka da ban taɓa ji ba. Babu likitan da zan samu a lokacin. Na riƙe shi a cikin babbar rigata har aka kira assalatu kafin ya cika.

Ban ce ki yi ba, ban ce kada ki yi ba. Amma in kin zaɓi jira, ki karɓi lambar likitan, ki tambaye shi ko zai zo da dare, ki kuma nemi maganin rage raɗaɗi ki ajiye tun yanzu. Ni abin da ban yi ba ke nan, kuma har yau yana dawo mini.

In kuma allurar aka yi, a haƙa rami mai zurfi a ɗora dutse. Maganin yana zama a jikin gawar, kare ko ungulu in suka ci su ma yana iya kashe su.

'Yar Gwale ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita, na koma an ba ni maganin aman da na buɗe ciki, an kuma koya mini sa ruwan. Ranar farko hannuna na rawa har allurar ta fita ta ɗaya gefen fatar, ruwa ya jiƙa dardumar. Rana ta biyu na iya. Ta ci farin ƙwai kamar cokali ɗaya ranar Talata, ta ci kaza kaɗan ranar Laraba. Jiya da yau ba ta ci ba, kuma ƙafafunta na baya sun fara kasa ɗaukarta, ni nake kai ta wurin yashi.

Na nuna wa maigida amsar Malam, ya yi shiru, daga baya shi da kansa ya riƙe mini ita da nake sa ruwan. Ni da Yaya mun je wurin limamin unguwarmu, ya faɗi kusan abin da aka faɗa a nan. Har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ta ce ba za ta hana ni ba.

Baba, na karɓi lambar, ya ce zai zo gida ko da dare ne. Mun yi da shi cewa in Asabar ta yi ba ta ci ba, zai zo da safe kafin rana ta yi zafi, a yi a ɗakina, a kan dardumar. Yanzu tana kwance a gefen ƙafata, na jiƙa auduga ina goga mata a baki, tana ɗan lasa. Ku sa mu a addu'a.