Ango Ya Dawo Daga Zanzibar, 'Yan Jos Sun Tare Shi da Baiti

Angon Bana:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Mun sauka Jos lafiya, alhamdu lillahi. Masu cewa na ɓuya tun bayan ɗaurin aure, ga bayani. Duk mai mayar mini da martani ya rufe baitinsa da "-ri". Wanda ya karya amsa-amo shi zai sayi shayi a Taminus.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Salati ga Manzo, cikamaki, hatimi,
Na bar Gangare, na bar Dilimi,
Ni da amarya muka nufi tsibiri.

Daga Abuja jirgi ya ɗaga sama,
A Adis Ababa muka ɗan yi zama,
Sai ga Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ruwa hagu da dama,
Iskarta duk ƙamshin kanumfari.

A Nungwi yashi fari fat, babu laka,
Jiragen katako a nan ake sassaƙa,
Rana ta faɗa teku, muna kallo haka,
Waya a kashe, ba mai neman labari.

Da magariba a Forodani ake haɗuwa,
Fitilu a kunne, kifi yana gasuwa,
Ruwan rake da citta yana matsuwa,
Wanda bai je ba sai dai ya yi haƙuri.

Ɗan Tasha:
Ango ka sha ƙamshi! Amma ni da takalmina ya ƙare a zirga-zirgar bikin nan ba zan yi shiru ba.

Abokina, barka da sauka lafiya,
Mun ga hotuna, mun sha labari.

Ka ce mana yashi, ka ce mana rake,
Kuɗin da ka zuba ka bar shi a sirri.

Lefe bai huce ba, ga kuɗin haya,
Sai ga tikiti biyu sun zo ƙari.

Tun 2024 duk baƙon da zai shiga,
Inshorar dala 44 ce mafari.

Kowane kai da tasa, ga kuma biza,
Ga katin rigakafin shawara a tsari.

Da ni ka tambaya, da mota muka ɗauka,
Bauci ba nisa, mu faɗa Yankari.

Ruwan Wikki da ɗumi dare da rana,
Giwa na kiwo, ga gwaggon biri.

Ko ku gangara Hawan Kibo ku ga ruwan Assop,
Ba sai da dala ba, ba sai da shiri.

Goggon Gangare:
Jikata ce ta karanta mini, ita ce kuma ke rubuta abin da nake faɗa. Kada ki rage ko kalma ɗaya.

Ɗan nan, ni ba kuɗin ya dame ni ba,
Aljihunka ne, ban sa maka sisi ba,
Amarya ce ba ta ɗumama ɗaki ba,
Ka sa ta a jirgi, wane irin sauri!

Kwana bakwai budurwa ke yi a ɗakinta,
Dangin miji su zo su ga jerenta,
A yi buɗar kai, a sa albarka kanta,
Haka muka taras tun zamanin dauri.

Na tuƙa tuwo, na taho da 'yan rakiya,
Daga Gangare har Rikkos muna tafiya,
Muka tarar da kwaɗo, ba ango ba amarya,
Maƙwabta suka ce, ai sun bar gari.

Gara ta iso ba kowa a gida,
Shinkafa, alkaki da man gyaɗa,
Ni na tsaya na karɓa, ni guda,
Ina ba wa dangin amarya haƙuri.

Malam Mai Alli:
Goggo ta yi magana, ni ba na shiga tsakanin uwa da ɗa. Tambayata ga ango ɗaya ce: ka shiga tsohon garin kuwa, ko yashi kaɗai ka gani?

Ango, tsibirin nan yana da tarihi,
Bari in ba ka kaɗan, amma sahihi,
Wani ya faranta, wani ya sosa ruhi,
Mai yawon buɗe ido ya yi nazari.

Sayyid Sa'idu na Oman ya yi ƙaura,
A 1840 fadarsa nan ya gyara,
Dashen kanumfari ya sa aka ƙara,
Bayi ke tsinka, masu gona na alfahari.

Daga cikin ƙasa ake koro mutane,
A sa su a kasuwa, abin takaici ne,
A 1873 aka rufe ta ne,
Yau coci ne a tsaye a wannan wuri.

A 1964 aka tumɓuke sarauta,
Aka haɗe da Tanganyika maƙwabciyarta,
Nan Tanzaniya ta samo sunanta,
Amma Zanzibar na da shugabanta da tsari.

Angon Bana:
Allah ya gafarta Malam, mun shiga. Goggo kuwa bakina ya yi kaɗan, sai na zo gida.

Lungu siriri, mota ba ta ratsawa,
Ƙofofin katako masu zane na burgewa,
Ladan na kira, wani yana amsawa,
Ba mu rasa jam'i ba tun asubar fari.

Kusa da cocin akwai ɗakin ƙasa,
Mai tsawo sai ya sunkuya a cikinsa,
Mun ga siffar bawa da sarƙa a wuyansa,
Ranar ba mu ci abinci da marmari.

Amarya:
Na karɓi wayar maigidan, tunda shi ya ce bakinsa ya yi kaɗan.

Goggo, gwiwa biyu nake gaishe ku,
Tuwon da kuka tuƙa, Allah ya biya ku,
Ba mu bar gari don mu guje ku,
Ku ba ni dama in kawo uzuri.

Tun ranar kamu ban runtsa ido ba,
Mai lalle, mai hoto, ba su ƙyale ni ba,
Ranar da aka kai ni ko ruwa ban sha ba,
Gida ya cika maƙil, babu sarari.

Shi kuma maigidan, in faɗa muku gaskiya,
Sanin da na yi masa na zance ne da waya,
Ya ɗan tsaya a zaure, can ya juya,
Ban san yana tsoron ruwa ba sai a tsibiri.

A kwale-kwalen zuwa tsibirin Cangu ya riƙe katako,
Yana ta salati tun daga farko,
Mai cika baki ya koma ɗan tsako,
Har muka kai gun kunkuru mai shekara ɗari.

A Paje da safe teku ya janye,
Mata da lulluɓi cikin ruwa a tsaye,
Ciyawar teku ga ta nan a shanye,
Nomansu ke nan, ba garma, ba fari.

Kwano ɗaya muka ci, ba mai buga ƙofa,
Ba mai leƙa tukunya ya ga me na dafa,
Muka zauna kan yashi, muka miƙe ƙafa,
Ya faɗi bashinsa, na faɗi nawa buri.

Lallen na nan, Goggo, a tafin hannuna,
Ku sa rana, ku zo ku buɗe kaina,
Ku taho da 'yan rakiya har ɗakina,
Akwai tsarabar zanen kanga da kanumfari.

Goggon Gangare:
Yarinyar nan ta iya baki. Batun tsoron ruwa kuwa da ni kika tambaya. Yaron da tun yana ƙarami ko bakin tafkin Rayfield ba ya yarda a kai shi! Zanen dai ya zama biyu, ba ni kaɗai na taka zuwa Rikkos ba.

'Yar nan, Allah ya yi miki albarka,
Asabar muna tafe, ba sauran shakka,
Kai kuma ango, har yau haka halinka?
Ka je teku da baki, zuciya ba tauri.

Ɗan Tasha:
Tsaya, tsaya. Akwai baitin amarya guda da ya shafe ni.

Amarya ba kya laifi, kin yi waƙa,
Kin kare miji, kin kuma tona asiri.

Bashin da ya faɗa miki a kan yashi,
Rabinsa nawa ne, na cire daga jari.

Ƙarshen wata ni ma ina tafe Rikkos,
Ba kanga nake so ba, a biya ni da wuri.