Tashar kwal ko zangon kwal?

Jama'a masu buga wasan kwamfuta na Victoria 2 da ire-irensa, mu tsayar da magana ɗaya a kan abin da Turawa ke kira coaling station, wato wurin da jiragen ruwa masu tururi ke tsayawa su ɗebi kwal. Kowa da sunan da yake ba shi: wani tashar gawayi, wani gidan kwal, wani tashar kwal.

Gawayi dai a cire shi tun yanzu. Gawayi daga itace ake ƙona shi. Abin da jiragen tururi ke ci kwal ne na haƙowa, kuma wanda sojan ruwan Ingila suka fi so shi ne na Wales, saboda zafinsa da ƙarancin hayaƙi.

Sunan gidan kwal an kwaikwayo shi ne daga gidan mai, amma gidan mai na mai kuɗi ne, duk wanda ya biya a zuba masa. Waɗannan wurare kuwa sai da yardar mai iko da su. Ku duba abin da ya sami Rasha a 1904. Ta taso da jiragen yaƙinta daga tekun Baltik za ta yaƙi Japan, alhali Ingila, mai riƙe da tashoshin Jibraltar, Malta, Adan, Kolombo da Singafo, ta ƙulla ƙawance da Japan tun 1902. Ƙofa ta rufe ke nan. Dole Admiral Rozhestvensky ya dogara da jiragen dakon kwal na kamfanin Hamburg-Amerika na Jamus, ana haɗuwa da su a wurare irin su Dakar da Madagaska. Matuƙa na jidar buhuna cikin zafi, ƙura ta baɗe komai, an jibge kwal a saman jirgi har cikin ɗakunan kwana don ba a san inda za a sake samu ba. Suka isa mashigar tekun Tsushima, tsakanin Koriya da Japan, a watan Mayun 1905 a galabaice, Japan ta yi musu kaca-kaca.

Tashar kwal ba laifi, sai dai tana iya nufin inda ake fitar da kwal zuwa kasuwa, kamar Fatakwal da aka kafa don kwal ɗin Inugu. Adan kuwa, da Ingila ta kama a 1839, ba ta haƙar ko dunƙule. Kawo shi ake yi daga nesa a tara, jirgin da ya nufi Indiya ya tsaya ya yi lodi.

Shi ya sa na zaɓi zangon kwal. Zango wuri ne a kan hanya inda ayari ke sauka ya yi guzuri, kuma madugu ya san nisan da ke tsakanin wannan da na gaba. Ga wata riba: muna da "cin zango" a baki, kamar yadda ake cewa makami mai cin dogon zango. A Victoria 2 sansanin jiragen ruwanka ne ke yanke nisan da za ka iya kai hannu ka kafa mulkin mallaka, to wannan nisan shi ne cin zango. Yarjejeniyar da ke cikin wasan Europa Universalis IV, wadda wata ƙasa ke barin jiragenka su yi amfani da tashoshinta, sai mu ce izinin yada zango. Kalma ɗaya ta ɗauke uku.

'Yan uwanmu na Kumasi da Akara za su ce zango a wurinsu unguwa ce. Gaskiya ne, amma da zarar an liƙa masa kwal ba mai ruɗewa.

Saura ƙasar da ba ta da bakin teku, irin Bolibiya bayan yaƙinta da Cile da aka fara a 1879. A wasa, samun tashar ruwa ko ɗaya ke buɗe mata ginin jirage. Ni "kafar teku" nake kiran irin wannan tashar, wasu na cewa "mafitar teku". Masu bugawa da Bolibiya, wanne ya fi zama a bakinku?